Sauran Wuƙa da Hatimin Gwamnati

Wasu ɗalibai daga jami'ar nan da aka gina mana a Kalgo sun zo wurina da littafi da biro, wai an ba su aikin bincike a kan yadda gwamnati da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin jama'a suke hulɗa. Wani ya gaya musu na yi aiki da duka ukun. Na ce bai yi ƙarya ba, duka ukun sun zarge ni, kuma a shekara ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, mai tabarau, ya tambayi sana'ata. Na ce shanyar fata. Ya ɗaga biro daga takarda ya ce, "Baba, shanya kawai? Ai rana ce ke yin aikin." Saboda wannan yaron na zauna nake rubutun nan, da ilimina na aji uku na elemantare, wanda na bari ba don an kore ni ba, sai don ni da malamin lissafi mun gane ba za mu amfani juna ba.

Fatar farko da aka ba ni ta jar akuya ce, a Gwandu, a gidan maigidana Baba Ɗanjimma. Ya miƙo mini ita da ɗuminta ya ce in shanya, ya tafi masallaci. Ni ma a lokacin ra'ayina ɗaya da mai tabarau. Na shimfiɗa ta a ƙasa a tsakiyar rana, na kafe gefunanta da tsinkaye, kafin la'asar ta bushe ƙamas, in ka buga ta sai ta yi ƙara kamar faifai. Na kai masa ina jiran yabo. Ya ɗaga ta, ya sunsuna, ya ajiye. Bayan kwana uku ya kira ni ya jiƙa ta a kwatarniya. Gashin ya biyo hannunsa, fatar ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya ce, "Bawa, rana ta gasa mata baya, ƙasa ta ruɓar mata da ciki. Fata ba ta nuna laifinta a gabanka, sai ta yi nisa, inda ba ka nan balle ka ba da haƙuri."

Shekara huɗu na yi a hannunsa. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙar kankara, basilla ta huda gefe, igiyar rama, da katako mai kusurwa huɗu da ake ɗaure fata a tsakiyarsa ta tsaya a iska, a inuwa, ba ta taɓa komai. In ka ja igiya da yawa fata ta yi siriri a ciki, in ka sassauta ta yi tamoji. Amma babban kayan aiki shi ne hanci. Fatar da ta daɗe kafin a shanya ta tana da wani wari mai zaƙi-zaƙi, wanda ido ba ya gani kuma sikeli ba ya aunawa. Har yau in na shiga gidan suna hancina yakan gaya mini ƙarfe nawa aka yanka ragon, kuma ba na faɗa, don ina son a sake gayyata ta.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da wani abu, kafin 'yancin kai, Turawa sun haukace a kan fatar jar akuyarmu. An ce safar hannu suke yi da ita da bangon littattafai. Kamfani ya koka wa gwamnati cewa fata tana isa ƙasarsu a lalace. Gwamnati ta ji kukan, da sauri ma, abin da ya sa mutane suka fara kallon juna. Aka gina rumfunan shanya a garuruwa, aka naɗa malaman fata, aka ba kowane hatimi. Fatar da aka buga wa hatimi kamfani zai duba ta ya ba ta lamba ɗaya ko biyu ko uku. Wadda ba ta da hatimi ko kallonta ba za a yi ba. Da aka gina ta Kalgo aka nemi wanda ya iya shanya kuma ya iya rubuta sunansa. A duk almajiran sana'ar Baba Ɗanjimma ni kaɗai na haɗa biyun, ko da yake sunan nawa a karkace yake fitowa.

Mutum uku na tarar, kuma su ne labarin nan. Akwai Malam Ummaru, malamin fata na gwamnati, siriri mai farar hula, yana zuwa a keke duk ranar kasuwa da hatimi a cikin gwangwani mai kwaɗo. Akwai Alhaji Nadabo, wakilin kamfani, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Sannan akwai Sarkin Fawa Gado, shugaban rundawa, wato mahautan gari. Ƙungiyarsu ta girmi kamfani ta girmi gwamnati. Su ke raba ranar yanka, su ke sasanta rigima, su ke binne nasu. Ba su da takarda ko ɗaya, amma in Sarkin Fawa ya ce yau ba yanka, ko ɗan tsako ba zai mutu a kasuwar Kalgo ba.

Abin da gwamnati ta fara kawowa wuƙaƙe ne, cike da kwando, masu zagayayyen kai, ba tsini, wai don kada a huda fata wajen fiɗa. Malam Ummaru ya tara rundawa a mayanka ya yi bayani. Sarkin Fawa ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya gwada kanta a tafin hannunsa.

"Malam, wagga wuƙa ce ko ludayi?"

"Wuƙar zamani ce, Sarki. Kyauta gwamnati ta bayar."

"Kyauta. To mi gwamnati za ta amsa daga baya?"

"Ba komi."

"Awo," in ji Sarkin Fawa, ya mayar da ita cikin kwando a hankali. "To a aje muna su wurin ɗan Gwandu, kada su ɓace."

Ɗan Gwandu ni ne. Haka kwandon ya zauna a lungun rumfata, gizo-gizo ya yi masa rufi.

Fatun farko da suka zo mini a Kalgo su suka fara hana ni sakewa. Ana yanka da hantsi, amma fata ba ta iso rumfa sai bayan la'asar, da warin nan mai zaƙi. An kankare cikinta sarai, amma ko'ina ƙananan huji ne da karce, kamar kaza ta yi tono a kai. Abin mamaki, rundawan Kalgo gwanaye ne. Na tsaya na ga suna fiɗa da dunƙulallen hannu, fata tana fita kamar an tuɓe riga. To ina hujin yake fitowa, kuma ina fatar take yini? Na tambayi Sarkin Fawa. Ya ce, "Hwata tana hutawa." Na tambayi wani, ya ce in tambayi Sarkin Fawa.

Daminar nan ita ce mummunar shekararmu. Ga danshi, ga jinkiri. Ɗaurin fata biyu a jere kamfani ya dawo mana da labari cewa fatar Kalgo duk lamba uku ce, wasu ma sun ruɓe a hanya. Nan zargi ya tashi, kuma ina so mai tabarau ya rubuta wannan da kyau. Alhaji Nadabo ya ce rundawa suna ɓoye fatu masu kyau suna sayar wa dukawa a asirce, suna kawo masa tarkace, kuma Malam Ummaru yana buga hatimi ido rufe. Malam Ummaru ya ce Alhaji ne yake sauke lamba da gangan don ya saya da arha, ya ɗaga ta in ya isa gaba. Rundawa suka ce Malam da Alhaji akushi ɗaya suke ci, an gan su suna rabon goro. Abu ɗaya kawai suka yi ittifaƙi a kai: ɗan Gwandu ya san komai. Gwamnati ta ɗauke ni yaron rundawa, rundawa suka ɗauke ni kunnen gwamnati, Alhaji kuwa ya ɗauke ni duka biyun.

Gwamnati ta yi abin da ta iya, ta yi doka. Daga yau fata ta fito daga mayanka kai tsaye zuwa rumfa, kafin azahar. Rundawa suka bi doka kwana biyu. Fatun suka zo da wuri, ba huji ko ɗaya, amma kowace da tsoka da kitse a manne jikinta, kaurin yatsa, musamman wajen haƙarƙari da wuya. Alhaji Nadabo ya gani ya ce, "Kun gani? Nauyi suke ƙara mata don sikeli." Ni na kankare na zubar wa karnuka. A rana ta biyu na lura rundawan da suka kawo fatun sun tsaya suna kallon karnukan nan. A rana ta uku Sarkin Fawa ya ce ba yanka. Kasuwa biyu Kalgo ba nama, har alƙali ya aiko tambaya.

Malam Ummaru ya zo ya jingine kekensa, bai ko zauna ba. Ya ce, "Bawa, takarda ta zo. In ɗaurin wata mai zuwa ya sake lalacewa, za a ɗauke hatimi daga Kalgo, a rufe rumfa. Kai ka koma Gwandu, ni a jefa ni inda keke ba ya zuwa." Ba hatimi kuwa yana nufin fatar Kalgo ta koma ta ɗaurin guga da igiyar jaki. Ni kuma in koma in tsaya gaban Baba Ɗanjimma in ce masa rumfa guda ta ruɓe a hannuna.

Da aka koma yanka, aka koma tsohon hali, fata tana hutawa. Sai na yi abin da aka daɗe ana zargina da shi, na zama ɗan leƙen asiri. Na je mayanka da hantsi kamar mai sayen hanta. Na ga Sarkin Fawa da kansa ya fiɗe akuya, hannunsa yana tafiya sumul, amma da ya zo haƙarƙari sai ya karkata wuƙa da gangan ya bar tsoka a jikin fata. Ya naɗe ta, ya saka a hammata, ya bi wani lungu. Na bi shi daga nesa ina tsammanin zan ga baduku da buhu. Ya tsaya a ƙofar wani gida mai zauren da ya fara zubewa, ya yi sallama ya ce, "Inna Hassi, ga aiki na kawo, a taimake mu a kankare." Ya ajiye ya wuce. Wasu rundawa biyu suka bi ta gabana, kowane da tasa fatar, kowane da tasa ƙofar.

Na jira har rana ta take, na matsa na leƙa zauren. Wata tsohuwa ce a zaune, ta ɗora fatar a bayan turmi, ta kusa manna idonta a kai, tana kankara da wata tsohuwar wuƙa mai tsini kamar ƙaya. Abin da ya fito tana tarawa a ƙwarya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗan Gwandu, in gwamnati ta aiko ka ka shigo, in karnukanka sun aiko ka ka ce musu yau ba rabonsu."

Na shiga na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, wannan naman fa?"

"Wane nama? Aiki ne aka kawo mini. In na yi aiki, abin da ya maƙale ga wuƙa in zubar?"

"A'a, Inna."

"Mijina shekara talatin yana yanka a garin ga. Ni ba ni roƙo. Ba a taɓa kawo mini sadaka ba, kuma ranar da aka kawo, mai kawowa zai koma da ita bisa kai."

A nan na gane. Sunan abin sauran wuƙa. In barunde ya mutu ya bar tsohuwa, ba a aika mata nama, don kada unguwa ta ga ana ciyar da ita. Sai a bar tsoka a jikin fata, a kai mata a ce ta taimaka, har a yi mata godiya. Gidaje bakwai ne a lokacin. Tsofaffin suna gama aikin gida su kankara da rana tsaka, ido ya yi rauni, wuƙa mai tsini, ga huji ga jinkiri. Kuma ba barunden da zai tsaya gaban malamin gwamnati ya faɗi wannan, domin faɗin shi ne tona asirin da aka yi abin don a rufe. Gara a ce musu ɓarayi.

Na koma rumfa na zauna ina kallon kwandon nan mai gizo-gizo. Washegari na ɗauki wuƙa ɗaya na wasa ta, na sami Sarkin Fawa shi kaɗai bayan an watse.

"Ranka shi daɗe, na bi ka jiya."

"Na gan ka. Kana tahiya kamar ɓarawon kaji. Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Tukuna."

"Sarki, wuƙar nan ba ta dace da hannunku ba, na yarda. Amma hannun da ido ya gaza, ita ce daidai shi. Ba ta huda ko mutum ya so. In tsofaffin nan za su yi aikin da hantsi, ni zan zagaya in karɓa kafin azahar."

Ya ce, "Kai mi za ka samu?" Na ce rumfata. Wannan amsar ce ta kwantar masa da hankali. Da na ce don Allah zan yi, da har yau yana bincike.

Saura doka, wadda ta ce kai tsaye zuwa rumfa. Dole na gaya wa Malam Ummaru, bayan ya rantse ba zai rubuta sunan kowa ba. Ya cire hula ya sosa kai ya ce doka ba ta lanƙwasuwa. Can ya ce, "Amma doka ba ta faɗi girman rumfa ba." Ya zaro takarda ya rubuta cewa saboda yawan aiki, rumfar Kalgo ta buɗe rassa bakwai a cikin gari, kuma an raba wuƙaƙen gwamnati ga ƙwararrun ma'aikata. Ni na taya shi ƙirga rassan. Ban taɓa ganin ƙarya mai gaskiya a cikinta kamar wannan ba.

Alhaji Nadabo ba a gaya masa komai ba, amma shi ma sai da aka taɓa shi. Sarkin Fawa ya aika masa cewa daga yanzu ba za a ba fata lamba a bayan shagonsa ba, sai a rumfa, a gaban rundawa biyu da malamin gwamnati, in ba haka ba fatun su tafi wurin dukawa da gaske. Ya yi ta faɗa, ya ce kamfani ba ya karɓar sharaɗi daga mahauta. Ranar kasuwa sai ga shi da tabarmarsa.

Koya wa Inna Hassi wuƙar ya fi duk wannan wuya. Ta riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Ta wa ce?"

"Ta gwamnati, Inna."

"Gwamnati ta san ni?"

"Ba ta san ki ba."

"To wanda bai san ka ba ya ba ka wuƙa, ai da magana."

Amma da ta ja ta sau biyu a kan fata, tsoka ta naɗo kamar tabarma, ba karce, sai ta ci gaba da kankara. Ta ce ba laifi, tsohuwar wuƙarta ma haka take da tana yarinya. Sauran shidan suka bi bayanta, don ba wadda za ta yarda a ce Hassi ta iya abin da ita ba ta iya ba.

Ɗaurin watan nan na ɗaure shi da hannuna. Kowace fata na sunsuna ta, na ɗaga ta a haske. Alhaji ya zauna a tabarma yana juya su ɗaya bayan ɗaya yana neman huji kamar wanda ya yar da allura, rundawa biyu suna numfashi a wuyansa. Mafi yawa ya ba su lamba ɗaya, ransa a ɓace. Bayan makonni labari ya dawo cewa sun isa lafiya. Hatimi ya zauna a Kalgo, ni ma na zauna, ga shi har yau ban koma ba.

Yanzu ga darasin bincikenku. Malam Ummaru ya sami yabo a rubuce, cewa wuƙar gwamnati ta wayar da kan mahauta. Alhaji Nadabo ya riƙa gaya wa mutane cewa tsananinsa ne ya gyara Kalgo. Sarkin Fawa kuwa har ya rasu yana cewa rundawa ba su taɓa canja komai ba, kuma ba barunden da ya taɓa riƙe ludayin gwamnati, wanda gaskiya ne. Kowa ya juya ɗan'uwansa, kowa ya rantse shi ba a juya shi ba. Kuma ba su daina zargin juna ba ko na yini ɗaya. Ni a ganina zargin ne ma ya riƙe rumfar, don kowa yana tsaye yana kallon hannun kowa.

Inna Hassi ce kaɗai ba ta yarda an gama ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya na je karɓar fata, sai ta miƙo mini ƙaramin akushi a rufe, tuwo da miyar kuka, sauran wuƙa yana yawo a sama.

"Ka kai wa gwamnati."

"Inna, ba ta nema ba."

"Za ta nema. Gara in ba ta da hannuna tun tana ƙarama, kada ta taru ta zo ta ce turmina take so."

Na kai wa Malam Ummaru. Ya ja da baya kamar na miƙa masa maciji, ya ce wannan cin hanci ne, in Alhaji ya gani ya kashe shi. Na ce in mayar? Ya ce in na mayar tsohuwa ta yi fushi, reshe ɗaya ya rufe, rahotonsa ya zama ƙarya. Muka tsaya mu biyu akushi yana hucewa. Daga ƙarshe ya hau kekensa ya ce shi bai ga komai ba, in yi abin da ya dace da ma'aikaci.

Na shiga bayan rumfa na yi abin da ya dace. Shekara shida, duk ranar kasuwa, har Allah ya karɓi ran Inna Hassi. In na mayar da akushi takan tambaya, "Gwamnati ta ce mi?" In ce ta gode, amma ta ce a ƙara yaji. Ta ce daman ta sani, ba a taɓa ƙosar da su ba.

Saboda haka, mai tabarau, in ka zo rubuta abin da gwamnati ta ci a hannun talakawan Kalgo a zamanin Turawa, ka rage akushi ɗaya duk ranar kasuwa. Wannan ni ne.